Maganina da Huhun Ɗana

Ranar da na fara zuwa awon cikina na biyu na tafi da kwalin maganina a jaka, saboda likitan da ke duba ni a Kano ya taɓa ce mini duk asibitin da na shiga in nuna shi. Ƙaramin asibitin kuɗi ne a nan Gwarzo, ba shi da nisa da makarantar firamaren da nake koyarwa. Na tarar mata sun cika benci, kowacce da katinta a hannu, ana hirar tsadar masara. Da layi ya zo kaina, nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta gwada jinina, ta sa na hau sikeli, sannan ta tambaye ni ko akwai maganin da nake sha kullum. Na miƙa mata kwalin. Ta juya shi ta karanta, ta ɗago ta dube ni.

"Tun yaushe kike shan wannan?"

"Tun 'yata ta fari tana rarrafe."

"Na ciwon damuwa ne ko?"

Na ce e, murya ƙasa-ƙasa, don labule kawai ya raba mu da sauran matan, kuma akwai uwar wata ɗalibata a cikinsu.

"Ba cewa na yi ki daina ba," in ji ta. "Kada ma ki daina da kanki. Amma ki koma wurin wanda ya rubuta miki, ki gaya masa kina da ciki. Irin wannan ana cewa wani lokaci yakan taɓa numfashin jariri bayan an haife shi."

Na karɓi kwalina na fito. Sai da na kai bakin titi na tuna ban tsaya karɓar maganin ƙarin jini ba, kuma na kasa komawa.

Maganin nan ba da wasa na fara shan sa ba. Bayan haihuwata ta fari, ina wankan jego a gidanmu a Kabo, wani abu ya sauko mini wanda ban san sunansa ba. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, amma yarinya za ta yi ta kuka a gefena ina kwance ina kallon bango. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Salla sai an tashe ni. Inna, mahaifiyata, ta nemo rubutu, ta yi mini hayaƙi, aka kawo mai ruƙiyya, duk ba canji. Na koma ɗakina a haka, har maigidana ya gaji da jira ya kai ni Kano. Can aka ce ciwo ne kamar kowane ciwo, aka ba ni ƙananan ƙwayoyi farare, ɗaya kowace safiya. An jima kafin in ji wani bambanci. Wata rana maƙwabciyarmu tana suyar ƙosai, ƙamshin ya shigo mini ta katanga, sai na ji yunwa. Daga nan na fara dawowa. Da na yi ƙarfi likita ya gwada rage mini, ba a je ko'ina ba abin ya sake taso mini, har na daina zuwa makaranta, sai aka mayar da ni kan yadda nake sha.

Maigidana hatsi yake saye a ƙauyukan Kutama da Kara ya kawo kasuwa. Mutum ne da ba ya son a bar masa magana a rabi. Da ya dawo da la'asar na gaya masa abin da nas ta ce, sai ya ciro waya ya zauna a bakin ƙofa yana karatu har aka kira magariba. Daga ranar kullum sai ya zo mini da sabon abu. Yau ya ce jinin jaririn ne ba ya samun iska. Gobe ya ce akwai waɗanda ake sa wa inji ya riƙa yi musu numfashi. Ya taɓa miƙo mini wayar in ga hoto, na kawar da kai.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana, "ko za ki riƙa raba shi biyu kafin mu samu ganin likita?"

"Nas ta ce kada in taɓa."

"Rabi dai ai ba dainawa ba ne."

"Malam, rabin aka ba ni wancan karon. Ka ga abin da ya faru."

Shi ne ya yi ta ɗaukar yarinya yana kai wa yayarsa a wancan lokacin, ba sai na tuna masa da yawa ba.

Da ranar ganin likita ta zo, muka bar 'yarmu a maƙwabta muka shiga motar Kano. Likitan mutum ne mai sanyin magana, ya saurare mu har muka gama. Sannan ya dunƙule hannunsa ya nuna mana.

"Jariri a ciki ba da huhunsa yake numfashi ba, uwar ce take yi masa. Hanyoyin jinin da ke huhun a tsuke suke kamar haka. Da ya fito ya ja iska, sai su buɗe." Ya buɗe hannun. "Akwai jariran da nasu ba sa buɗewa da wuri, ko da uwar ba ta taɓa shan komai ba. A cikin masu shan irin maganinki an lura abin ya ɗan fi faruwa, musamman in ana sha har ƙarshen ciki. Duk da haka ba kasafai ba ne. Mafi yawansu lafiya lau ake haifarsu."

"To ba sai ta ajiye ba har ta haihu?" in ji maigidana.

"Ana iya yi wa wasu haka. Ita mun gwada ragewa, kun ga sakamakon. Uwar da ba ta ci, ba ta barci, ba ta zuwa awo, ita ma hatsari ce ga abin da ke cikinta, ga kuma ranta. Ba zan ce muku akwai hanyar da ba ta da hatsari ba."

Ya ce shawararsa in ci gaba da sha, in haihu a asibitin da ke da iskar oksijin, in gaya wa masu karɓar haihuwa tun da wuri, kuma kada a sallame mu a ranar. Ya ce shayarwa ba matsala. A ƙarshe ya dube ni ni kaɗai ya ce jikina ne, ni zan zaɓa.

Na so a ce ya zaɓa mini. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge, direba yana tafiya a hankali, gonakin dawa suna wucewa ta gilashi. Mun wuce mahaɗar Kabo kafin in buɗe baki.

"Zan ci gaba da sha."

"Allah ya sa hakan ne alheri," ya ce. Bai ce ya yarda ba, bai kuma hana ni ba.

Watannin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Abin da a da nake haɗiya ina ɗaura ɗankwali, ba tare da na ko kula ba, ya zama aiki. Sai in ɓallo ƙwayar in riƙe ta a tafin hannu ina kallo, in yi bismilla, in haɗiye, sannan in dafa cikina ina jiran motsi. In ya motsa in ce ko ya ji ta ne. In bai motsa ba in ce shi ke nan. Wata rana ina koyar da 'yan aji huɗu sassan jiki, na zana zuciya a allo, na zana hanta, da na zo kan huhu allin ya tsaya a hannuna. Na ce su kwafi abin da ke allo, na fita na tsaya a ƙarƙashin darbejiya har aka kaɗa ƙararrawa.

Shi kuma maigidana tsoronsa ta ƙafa yake fita. Ya je asibitin da nake awo ya ce sai an nuna masa tukunyar oksijin da idonsa. Aka nuna masa. Ya ce a murɗa ya ji ko da iska a ciki, nas ɗin ta murɗa masa tana dariya. Ya yi magana da wani abokinsa mai mota a kan ko da wane lokaci aka kira shi ya zo. Ya rage zuwa ƙauyuka masu nisa tun kafin cikin ya tsufa. Ba mu cika zancen a tsakaninmu ba, amma da safe in na ɗauko kwalin sai in ga ya tashi ya fita tsakar gida kamar yana neman wani abu.

Inna ta aiko cewa in dawo Kabo in haihu a gabanta kamar na farko. Na je da kaina don in yi mata bayani. Ni ce 'yarta ta fari, kuma asalinmu mutanen ruga ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma nuna damuwa da ni a gaban mutane. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gama gaisuwa, ta tambayi lafiyar maigida da yarinya da mutanen Gwarzo, na ja kwarya na taya ta.

"Inna, wannan karon a asibiti aka ce in haihu."

"Mu duk a ɗaki muka haife ku."

Na gaya mata abin da likita ya ce, yadda na iya. Ita ce a da take cewa maganin Bature ba ya korar abin da ya shiga mutum, don haka na zaci za ta ce in zubar da shi. Ta ci gaba da ɓara ba ta dube ni ba.

"Maganin ne zai shaƙe yaron?"

"Wataƙila. Sun ce da wuya."

"In kika bari fa?"

"Kin ga yadda na zama."

"Na gani," ta ce. Ta kaɗe ɓawon da ke zaninta. "In watan ya kama zan zo Gwarzon."

Ta zo kuwa, da ƙullin kayanta da garin kunun kanwa. Naƙuda ta tashi da hantsi, lokacin kaka, ana ta shigo da masara gari. Abokin maigidana ya kai mu. Tun a ƙofa na gaya wa nas mai tabarau ta tuna da maganina, ta ce tana sane. Bayan azahar na haihu, namiji. Ya yi kuka, ƙarami, aka goge shi aka ɗora mini a ƙirji. Na ce Alhamdulillahi, na ji kamar an sauke mini dutse.

Ba a jima ba na ji yana wani ɗan nishi duk lokacin da ya fitar da numfashi. Na buɗe zanin. Fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa tana shigewa ciki tana fitowa da sauri, hancinsa yana buɗewa. Leɓensa ya yi duhu.

"Sista," na ce, "zo ki gani."

Ta zo ta duba, ta ɗauke shi. Daga inda nake kwance ina jin ƙarar iskar da aka murɗa. Aka maƙala masa wani ɗan abu mai jan haske a ƙafa, likitan asibitin ya shigo ya tsaya yana kallon na'urar. Na yi ƙoƙarin tashi, jini ya ɓalle mini, suka mayar da ni suka sa mini ƙarin ruwa. Inna tana tsaye a jikin bango tana jan carbi, ba ta matso ba.

Likitan ya kira maigidana ciki ya yi mana magana tare. Ya ce iskar tana taimakon yaron, amma ba ta kai yadda yake so ba. Gara a tafi da shi Kano tun da sauran rana, inda akwai ɗakin jarirai da na'urar duba zuciya. Ni kuma ba zan iya tafiya ba sai jinin ya tsaya. Aka kwantar da tukunyar oksijin a bayan mota, nas ta rungumi yaron da robar a hancinsa. Ban ƙara ganin fuskarsa ba, sai ƙafarsa ɗaya da ta fito daga zani. Maigidana ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ki yi addu'a." Suka tafi. Na yi ta juya maganar nan a raina ina neman ko akwai zargi a cikinta.

Washegari da safe maigidana ya kira. Ya ce an sa yaron a kwalba, ana ba shi iska, likitoci sun ce a jira. Muryarsa ta dushe. Da na ajiye wayar Inna ta zuba mini kunu, sannan ta buɗe jakata ta ciro kwalin ta ajiye a kan gado.

"Ba zan sha ba, Inna. Shi ya jawo."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba sai an gaya mini ba."

Ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta saba yi ba. Ta ɗauki kwalin tana juya shi, ba ta san ta inda ake buɗewa ba.

"Ke," ta ce, "in ya dawo wa zai ɗauke shi? Waccan ni na goya ta kina kwance. Yanzu bayana ba zai iya ba."

"In bai dawo ba fa?"

"To a nan ne ma za ki fi buƙatarsa."

Ta ɓallo ƙwayar da farcenta, ta faɗi a kan zanin gado, ta tsince ta ta sa mini a hannu. Ta riƙe kofin ruwa tana jira. Na yi kuka sosai, ita kuma ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma ajiye kofin ba. Da na gaji na haɗiye.

Da jinin ya tsaya aka sallame ni, muka wuce Kano kai tsaye ni da Inna. Na tarar da maigidana a ƙarƙashin wata bishiya a wajen ɗakin jarirai, da rigar da ya bar Gwarzo da ita. Ya tashi ya gaida Inna, ya shimfiɗa mata darduma. Ni ya raka ni har ƙofa, ya nuna mini inda ake wanke hannu da inda ake cire takalmi.

Ɗana yana kwance a kwalba ta can ƙarshe, tsirara sai ƙyallen da aka ɗaura masa, da roba a hanci da wata a baki. Ƙirjinsa yana ɗagawa da sauri har yanzu, amma leɓensa ya washe. Aka ce in sa hannu ta 'yar taga in taɓa shi. Yana da ɗumi. Aka ba ni kofi na tatsi nono, aka ba shi ta robar.

Likitar yaran matashiya ce, ba za ta girme ni ba. Na tare ta a hanya na gaya mata sunan maganina, na tambaye ta ko shi ne.

"Mun duba zuciyarsa da na'ura," ta ce. "Hanyoyin jinin huhunsa sun makara wajen buɗewa, amma nasa ba mai tsanani ba ne. Kuma ya shaƙi ruwa mai kashi lokacin haihuwa. Wannan kaɗai ma yana iya jawo abin da kike gani."

"Ke nan ba maganin ba ne?"

"Ba zan iya ce miki shi ne ba, ba kuma zan rantse miki ba shi ba ne. Ba mu da gwajin da zai raba mana. Kina ci gaba da sha dai ko?"

Na ce e. Ta ce kada in fasa, ta wuce wurin wani jaririn.

Na fito na zauna kusa da maigidana na maimaita masa.

"Ni ban ce laifinki ba ne, Malama."

"Ban ce ka ce ba."

"A mota ina riƙe da tukunyar nan don kada ta mirgina, na ce da na sani na matsa miki ki bari. Kafin mu shiga Kano kuma na ce da na matsa miki, ban san wa zan tarar a gida ba. Har yanzu ban gama wannan tunanin ba."

Ban ji haushin maganar ba. Ni ma ban gama nawa ba.

Ranar suna ta same mu a asibiti. Maigidana ya koma Gwarzo aka raɗa sunan a masallacin unguwa, aka yanka rago, da yamma ya dawo da soyayyen nama a kwano. Inna ta bi matan da ke jinya a baranda tana raba musu, kowacce tana yi mana barka tana tambayar jikin yaron. Wata daga cikinsu nata jaririn bai kai washegari ba, muka taya ta naɗe tabarma.

Aka fara rage masa iskar kaɗan-kaɗan. An taɓa cire robar gaba ɗaya, na zauna ina kallon na'urar da ban iya karantawa ba, can ta fara ƙara, suka mayar masa. Ranar ban iya cin komai ba. Da aka sake cirewa ban yarda na yi murna ba, ina zaune ina jiran ƙarar. Ba ta zo ba. Aka fito da shi daga kwalba aka ba ni, ya kama nono da kyar, ya saki, ya sake kamawa. Bayan sun ga yana sha yana kuma riƙe numfashinsa, suka sallame mu, da sharaɗin mu riƙa dawowa ana duba shi.

A Kabo muka sauka, na fara wankan jegona a makare. Inna ta hana a yi hayaƙi ko turaren wuta a ɗakin, ta hana 'yan barka ɗaukarsa in suna tari. Da mata suka tambaye ta me ya same shi, sai ta ce ruwa ya shaƙa, ta canza zance.

Yanzu yana gudu, yana bin yayarsa har zaure. Likitar ta ce huhunsa ya warware, ta daina ba mu ranar dawowa. Duk da haka in ya yi mura ba na iya jira ya kwana biyu kamar sauran yara, sai na ɗauke shi mun tafi asibiti, kuma sun san ni da haka. Kwanan baya maigidana ya yi mini zancen ƙarin haihuwa, a hankali, muna cin abinci. Na ce masa ban shirya ba, ya bari sai mun je Kano na yi magana da likitana tukuna. Ya ce to, zai raka ni.